Ɗan Duron Gidanmu

Tun ranar da likitan ido ya ce sai an saka ni a na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin kai, wata tsohuwar kalma ta dawo bakina ta ƙi fita. Ɗan duro. Ina wanke-wanke in ji ina faɗinta, ina ninke kaya in ji ina faɗinta, har jikata ta tambaye ni da Turancinta na 'yan Manchester ko sunan wani ne da ya rasu. Na ce mata ba mutum ba ne, amma ya fi mutane da yawa amfani a gidan da na tashi. Ubanta, autana, wanda nake zaune a gidansa a nan Gorton, shi ya karɓe zancen, don injiniya ne, ba ya iya ganin abu bai kwance shi ba. Wai kalmar ma ba tamu ba ce, ta Turawa ce muka lanƙwasa daidai bakinmu. Na ce to, sun ba mu aro sun manta, mu kuwa mun sa ta aikin da su ba su taɓa sa ta ba.

Duro dai kowa ya san shi, wannan ƙaton mazubi na ƙarfe da ake kawo kananzir ko mai a ciki, wanda sai maza biyu suke mirgina shi. Ɗan duro ƙanensa ne. In yarinya 'yar shekara takwas ta tsaya a ciki, bakinsa zai zo mata ƙugu. Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta taɓa yarda da sunan ba, ita 'yar ganga take cewa, wai haka ta ji ana kiran na katako da ta gani tana ƙarama. Namu mahaifina ne ya zo da shi daga tashar jirgin ƙasa inda yake leburanci, baƙin man da ake shafa wa ƙarafa ya ƙare a ciki aka ba shi kyauta. Sai da aka cinna masa wutar ƙaiƙayi, aka yi kwana uku ana dirza shi da toka da yashi, kafin Iya ta yarda ya shigo tsakar gida. Daga ranar kuwa bai ƙara hutawa ba.

Da damina wurinsa ƙarƙashin indararo. Ruwan farko jajir yake zuwa da ƙasar soro, wannan a zubar, na biyu shi ake tarewa. Muna kwance a ɗakin Iya muna sanin inda ruwa ya kai ba tare da mun leƙa ba, don in babu komai a ciki ƙararsa kamar ana sara da ƙarfe, yana cika tana yin ƙasa tana kauri, har ta koma wani gunji mai sa barci. Bayan girbi a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika shi da wake, a barbaɗa toka, a rufe, a shafe bakin da laka. Iya ta ce ƙwaro ma mai rai ne, in ka hana shi iska ba sai ka kashe shi da hannunka ba. Ranar suna a jiƙa gero a ciki. Ranar kitso a kife shi a zauna. Wake na ƙarewa da bazara, sai a ɗaura masa mariƙin waya a ramuka biyun da aka huda a bakinsa, masu yasar rijiya su riƙa fito da laka da shi. Har cikin faɗa yana da aiki. Yaro gajere mai tumbi ɗan duro ne, mai ci ba ya ƙoshi a tambaye shi ko cikinsa duro ne, mai babbar murya a ce kamar daga cikin duro yake magana. Ni kaina na sha wannan zagi, don ban taɓa yin tsawo ba.

Yanzu in na bi ta wajen kasuwar Gorton nakan ga 'yan uwansa a jere a ƙofar wani kanti, shuɗaye, na roba, waɗanda mutanenmu ke cikawa da kaya su aika gida. Na taɓa ƙwanƙwasa ɗaya da zobena, ko amsawa bai yi ba. Ruwan sama kuwa a garin nan ba a magana, kullum cikin zuba yake, kuma duk a banza yake tafiya ta cikin bututu zuwa ƙarƙashin ƙasa, babu mai tara ko kofi ɗaya. Farkon zuwanmu, lokacin da marigayi maigidana yake karatu muna zaune a wani ɗan gida a saman bene a Hulme, na taɓa ajiye bokiti a waje don in tari ruwa. Ya yi ta dariya, ya ce ga famfo biyu a ɗaki, ɗaya har da zafi. Na shigo da bokitina ina jin kunya, amma har yau in ana ruwa kunnena yana neman wannan ƙarar, ba ya samu.

Idona na hagu ne ya fara. Wani duhu ya taso daga gefe kamar an ɗan ja labule, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce suna zaton wani abu ne a cikin kai yake danne jijiyar idon, kuma ba za su taɓa abin da ba su gani ba, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Kowace safiya bayan na idar da salla nakan tsaya a taga in rufe idon dama da tafin hannu in dubi jerin gidajen da ke fuskantarmu. Da ina ganin ƙofa biyar. Sai ta koma huɗu. Ranar da koriyar ƙofar nan ta huɗu ta fara shiga duhun, sai na koma bakin gado na zauna. Ina tsoron makanta, ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ina tsoronta fiye da mutuwa, a ƙasar da ko da ido biyu ma sai ka yi da gaske kake gane hanya.

Amma da aka kai ni gaban na'urar a wani asibiti a nan Manchester, sai na tarar akwai abin da ya fi makanta ba ni tsoro. Suka kwantar da ni a wani siririn gado, suka kife mini wani abu a fuska kamar akurki, suka sa mini 'yar roba a hannu mai girman lemon tsami, wai in matsa in na ji ba zan iya ba. Suka ce kada in motsa, kada in yi magana. Gadon ya fara tafiya da ni cikin wani farin rami mai zagaye, bangonsa dab da hancina. A ɗakin da ba ya warin komai, sai na ji warin jiƙaƙƙiyar laka ya cika mini hanci. Na matsa robar tun na'urar ba ta fara aiki ba. Suka fito da ni, suka rarrashe ni kamar yarinya, suka sake gwadawa, na sake matsawa. Suka ce akwai ƙwayar da za ta kwantar mini da hankali ta sa ni gyangyaɗi, na ce a'a, don abin da nake gudu ke nan, a saka ni a rami bakina a mace. A mota Auta ya yi ta huci. Ya ce, "Umma, minti ashirin ne fa kawai. Yara ma ana yi musu scan ɗin nan."

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mahaifiyata, Inna, ba ta kiran sunana, ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta zama inda ake yabona. Tun da aka yaye ni Iya ta ɗauke ni zuwa ɗakinta, a gida ɗaya muke amma kamar maƙwabta. In Inna tana son in miƙo mata muciya sai ta ce wa bango, a gaya wa yarinyar nan ta kawo muciya. In wata baƙuwa mai sunana ta zo, sai ta laƙaba mata wani. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, don haka ake yi wa kowace 'yar fari a unguwarmu, kuma nakan tsinci ƙarin nama a ƙasan tuwona da na san ba Iya ce ta sa ba. Amma ban san yadda sunana yake a bakinta ba, kamar yadda ban san ɗanɗanon abin da ban taɓa ci ba.

Shekarar da haƙoran gabana suka gama fitowa aka yi wata bazara mai tsanani. Rijiyar tsakar gidanmu ta ja baya har guga yana dawowa da laka. Masu yasa sun fara aiki suka tafi da niyyar dawowa washegari, suka bar bakin a buɗe da ɗan duro a gefe. Ranar kasuwar wani gari ce, mazan unguwa duk sun tafi, mahaifina yana can kan layin dogo, baffana ya tafi cin rani. Rana ta take tsaka, kowa ya fake a inuwa. Ƙanena, wanda bai fi shekara uku ba, yana bin wani ɗan tsako. Ban ga faɗawarsa ba, ƙarar na ji, kuma ba irin ƙarar faɗawa ruwa ba ce, tim ta yi, kamar an yar da ƙullin danƙo a ƙasa. Sai kuka ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, siriri, kamar daga wani gari.

Inna tana da tsohon ciki, amma sai da mata biyu suka riƙe ta, don ta riga ta zura ƙafa ɗaya. Maƙwabta suka hauro ta katanga, matan da ko zaure ba sa leƙawa da rana. Aka tura yara kiran maza, amma kowa ya san kafin a samo namiji ɗaya an daɗe. Babu macen da sauran za su iya jawowa daga rami mai gaba biyar in ta shiga. Kukan kuma yana raguwa, yana yi yana tsayawa. Iya ce kaɗai ba ta yi salati da ƙarfi ba. Ta sa aka ɗora azara a bakin rijiyar, ta kunna 'yar fitilar gwangwani ta ɗaura mata zare ta zura, kamar yadda ta ga masu yasa suna yi, don in wutar ta mutu to iskar ƙasan ba ta shaƙuwa. Muka leƙa muna kallon wutar tana sauka tana ƙanƙancewa, har ta koma kamar ƙwayar shinkafa, shuɗiya. Ba ta mutu ba. Iya ta ɗago ta dubi ɗan duro, sannan ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, sannan idonta ya sauka a kaina.

Ita ta ɗaga ni ta tsayar a ciki, ta ɗaure ƙuguna da ɗankwalinta a jikin wayar. Ta kama haɓata ta ce, "Iskar kaɗan ce. Ki yi ta magana, ko karatu, ko waƙa, ko zagi ma na yafe miki. Kika yi shiru za mu jawo ki, da shi ko ba shi." Na dubi Inna. Tana gaban igiya, ita ce ta farko, mata biyar a bayanta, idonta a kan hannuwanta.

Har yau in na rufe ido ina jin yadda duron nan ya riƙa juyawa da ni. Yana bugun bango yana ƙara, ƙasa tana zubo mini a ka, saiwoyi suna shafar fuskata kamar yatsu. Zafin bazara ya ɓace, wani sanyi mai wari ya taso. Na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, da kawunan mata a gefenta baƙi ƙirin, sannan ta koma kamar bakin kofi. Na karanta Fatiha da ƙarfi, na sake, na kama ƙananan surori ina haɗa wata da wata, da suka ƙare na shiga waƙar niƙa. Muryata tana dawo mini daga bango da kauri kamar ba tawa ba. Numfashi kuma sai na ja sau biyu nake samun na sau ɗaya. Da duron ya taɓa ƙasa ya karkace cikin laka, ruwan da ya fantsala ya kashe fitilar.

A nan muryata ta tafi. Duhu ne irin wanda ban taɓa gani ba, kuma ƙanena ya daina kuka, ban san ta inda yake ba, ban san ko gawa ce a gefena ba. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ina jin Iya daga can sama tana kirana, ina son in amsa na kasa. Sai na ji ta ce a ja. Igiya ta miƙe, duron ya fara zarewa daga laka, na san za a fitar da ni hannu wofi, kuma na san da na fita babu mai sake shiga sai dai a ciro gawa. Duk da haka na kasa ko tari.

Sai igiyar ta tsaya. Wata murya ta sauko cikin ramin ta kira sunana, cikakke, yadda aka raɗa mini shi. Ban amsa nan take ba, don na san muryar, na san sunan, amma ban taɓa jin su tare ba, har na ɗauka ko mutuwa ce ta zo da muryar da na fi so. Ta sake kira, ta ce, "Ki amsa mini. Ina riƙe da ke." Na ce na'am. Da na'am ɗin nan ta fito, sauran maganar ta biyo ta. Na yi ta surutu, ban san me nake cewa ba, na leƙo da rabin jikina waje ina lalube, hannuna ya taɓa gashi. Yana zaune ne, laka ta haɗiye shi har ƙirji, kansa a jingine da bango. Taushin lakar ne ya cece shi, ita ce kuma ta ƙi sakinsa. Na kama shi ta hammata na yi ta ja ina zagin lakar da duk zagin da na sani, har ta sake shi da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga kwata. Na cusa shi tsakanin gwiwoyina na ce su ja.

Ya rayu. Iya ta kife shi a cinyarta ta danna, ya amayar da laka ya tsala ihu. Ƙafarsa ɗaya ta karye, har yau yana ɗingishi, tsoho ne yanzu da jikoki, kuma in yana ba da labarin sai ka rantse da kansa ya hauro. Tafin hannun Inna duk ya saɓule, sai da ta yi sati biyu ana ba ta abinci a baki. Da aka fito da ni na tsaya a gabanta ina ɗigar laka, ina jira. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen Iya ta ce a yi wa yarinyar nan wanka. Ba ta ƙara kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Ɗan duro ya lotse ta gefe ɗaya, aka buga shi ya miƙe ya koma bakin aikinsa, amma ni ban ƙara zama a kansa an yi mini kitso ba.

Abin da zai ba mutum mamaki, ni ma da na haifi tawa 'yar farin haka na yi mata, ban rage komai ba. Na bar ta wajen uwar mijina muka taho Ingila, sai da ta shekara goma ta iso mu a Hulme, doguwa, mai shiru, tana kirana Hajiya kamar yadda ta ji ana kirana. Ni kuma ina ce mata ke, ko yarinyar nan, da ta gama karatun likita na samu sauƙi na koma ce mata Likita. Matan da muka zo tare duk sun watsar da wannan al'ada, za ka ga uwa ta rungume 'yar farinta a tashar jirgi tana kiran sunanta kamar mai talla, ni kuwa ina taɓe baki ina cewa kunya ta ƙare a duniya. Sau ɗaya, tana budurwa, ta tambaye ni da Turanci me ta yi mini. Na ce ba ta yi komai ba, haka ake yi. Ba ta sake tambaya ba. Ta yi aure, ta zauna a Birmingham, tana yi mini duk abin da 'ya take yi wa uwa, daga nesa, cikin ladabi, kamar ma'aikaciyar da ba ta son a sami kuskure a aikinta.

Da Auta ya gaya mata na gudu daga na'ura, ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka mai da maganar wani babban asibiti kusa da ita a Edgbaston, inda masu aikin cikin kai suke, ta bugo waya ta gaya mini ranar. Ba roƙona ta yi ba, sanar da ni ta yi. Muka hau jirgin ƙasa ni da Auta, ina kallon gonaki da ido ɗaya da rabi. A kicin ɗinta, tana zuba mini shayi, ta ce in gaya mata gaskiya me nake gani a cikin na'urar. Sai na ba su labarin rijiya, karo na farko a rayuwarsu. Na faɗi duron, na faɗi fitilar, na faɗi dokar Iya. Wurin kiran suna ne kawai na tsallake, na ce dai na daure na amsa.

Sai Likita ta ce ana barin mutum ɗaya ya tsaya a ɗakin ya riƙe ƙafar mara lafiya, tunda ƙafa a waje take. Nan da nan na dubi Auta. Ya sosa ƙeya ya ce shi ba za a bar shi ba, don ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa a wurin aiki, na'urar kuwa maganaɗisu ce, tana jan duk wani ƙarfe. Likita ta ajiye butar shayi ta ce, "Ni zan shiga, Hajiya. In kin yarda." Kunya ta rufe ni, tsohuwa da ni, na rasa inda zan sa ido. Na ce wa kofin shayi to.

Washegari da hantsi na ga ta cire 'yan kunne da zobe da allurar mayafi ta zuba a wani ɗan faranti. Aka kwantar da ni, aka kife akurkin, aka toshe mini kunne, aka sa mini robar a hannu. Sai na ji hannu ya zagaye idon sawuna. Sanyi gare shi, yatsun dogaye, kuma a nan na gane ban san hannun 'yata ba, da a cikin mutane ya taɓa ni ba zan ce nata ne ba. Gadon ya tafi da ni. Warin laka ya zo kamar yana jirana. Na'urar ta fara, kuma duk wanda bai ji ba, ya ɗauka an kife masa duro a ka an ba yara goma taɓare su yi ta duka. Na kama Fatiha a zuci, na bi da ƙananan surori, na tattara duk hankalina na kai shi idon sawu, inda hannun yake matsawa yana saki, yana matsawa yana saki.

Ƙarar ban tsoro ce, amma shirun ya fi ta. Can tsakiya na'urar ta ɗauke ɗif. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, na daina jin hannun, ban san ko yana nan ko an fitar da ita ba. Farin bangon ya matso. Muryar ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta shigo kunnena tana tambaya ko lafiya, wai yanzu zan iya magana kafin a ci gaba, saura rabi. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta sake tambaya. Na san dokar, ko'ina ɗaya ce, wanda ya yi shiru jawo shi ake yi. Za su fito da ni babu hoton, in koma tagata in ga ƙofa uku, in ga biyu, in wayi gari babu ko ɗaya. Yatsuna sun riga sun fara matse robar da kansu.

Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba. Abin da ya fito daga bakina sunanta ne, cikakke, yadda ubanta ya raɗa mata, sunan da na shekara fiye da hamsin ina kewaye shi kamar rami a hanya. Ya fito da kauri a cikin na'urar kamar ba muryata ba. Shiru. Na san wannan shirun, na taɓa yin irinsa, na san tana can tana neman inda za ta haɗa muryar da sunan. Sai hannun ya damƙe ƙafata da ƙarfi har na ji zafi, na ji ta sunkuyo bakin ramin.

"Na'am, Umma. Ina nan. Ban saki ba."

Na ce wa ma'aikaciyar ta ci gaba.

Sun sami hotonsu. Wani tsiro ne da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sun ce yana ciruwa, kuma ganin da ya rage za a iya tsare shi in Allah ya yarda. Da muka fito Likita ta tsaya mai da 'yan kunnenta, ɗaya ya kuɓuce mata ya faɗi. A mota sau biyu tana wuce kwanar gidanta, Auta yana baya yana tambaya me ya faru a ciki, wai ko sakamakon ne ba kyau.

Har yanzu ina jin tsoro. An sa ranar aiki, kuma sun ce bayansa za a sake saka ni a duron nasu, ba sau ɗaya ba. Nakan zauna in tuna Inna, Allah ya jiƙanta. Sau ɗaya ta kira ni, a bakin rami, na yi shekara sittin da wani abu ina lallaɓa wannan kira ɗaya kamar sauran turare a kwalba. Da ina cewa ya ishe ni. Bai ishe ni ba, kawai dai ban san ana iya neman ƙari ba. Ba na son tawa ta jira sai na sake shiga rami.

Jiya da la'asar ana ruwa, na ɗauki waya na buga mata, na ce ranar da za a sake saka ni a duron ta zo ta riƙe mini ƙafa. Da sunanta na fara, kuma wannan karon ba ta yi jinkirin amsawa ba.